Zahra Nemati, Maharbiyar Farisa: Lacca a Kan Rayuwarta da Gasanninta

 

Abin da ya tara mu yau shi ne labarin wata baiwar Allah mutuniyar ƙasar Iran, watau Farisa ta littattafan tarihi, mai suna Zahra Nemati, wadda ta shahara da harbin kibiya alhali kuwa tana zaune a keken guragu. Na lura cewa in za a ba da labari irin wannan a wurinmu, ɗayan abu biyu akan yi: ko dai mai magana ya cika zukatan jama'a da tausayi har a yi ta girgiza kai ana cewa Allah sarki, ko kuwa ya cika su da al'ajabi har a ɗauki mutumin tamkar wani mai karama wanda ba a iya koyi da shi. Duka biyun tauye haƙƙi ne, domin mai tausayi ya kalli keken ya manta da kibiyar, mai al'ajabi kuma ya kalli lambar zinariya ya manta da shekarun wahalar da suka haife ta. Ni abin da nake nufi in yi, in Allah ya yarda, shi ne in auna wannan mace da ma'aunin da maharba suke auna junansu da shi, kuma ba za a fahimci wannan ma'auni ba sai an san yadda harbin kansa yake.

Shi maharbin gasa yakan fuskanci allon da aka kafa a nisan mita 70, allo mai faɗin santimita 122, wanda aka zana wa da'irori goma, wata cikin wata, masu launi biyar: fari a can waje, sa'an nan baƙi, da shuɗi, da ja, sai rawaya a tsakiya. Da'irar da ke can cikin ciki, wadda ke ba da maki 10, faɗinta santimita 12.2 ne kacal, watau bai wuce bakin ƙaramin kwanon sha ba, kuma daga inda maharbi yake ba abin da idonsa ke gani sai wani ɗigo rawaya. Kafin a fara karawa kowa zai harba kibiya 72 don a jera maharba bisa ga makinsu, mafi yawan abin da ke yiwuwa shi ne 720. Daga nan sai a haɗa su biyu-biyu, wanda ya faɗi ya koma gida. A kowace karawa ana harba kibiya uku-uku, wanda jimillarsa ta fi ya ɗauki maki 2, in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki 1, wanda duk ya riga kai wa 6 shi ne ya ci. In kuwa aka tsaya 5 da 5, to, sai a ba kowannensu kibiya guda, wanda tasa ta fi kusa da tsakiya ya tafi da nasara. Ina roƙonku ku riƙe wannan hukunci na ƙarshe a zuciya, don za mu sake gamuwa da shi a Tokiyo.

Wannan fanni ba baƙo ba ne ga mai karatun littattafanmu. Malaman fiƙihu sun ware harbi, tare da tseren dawakai da na raƙuma, a cikin abubuwan da aka halatta sanya lada a kan gasarsu, Ibnul Ƙayyim ma ya yi dogon bayani a kan ƙa'idojin gasar maharba a littafinsa Al-Furusiyya. Farisawa kuwa tun kafin Musulunci an san su da baka. Tsohon marubucin tarihin Yunanawa, Hirodotas, ya ce abu uku suke koya wa 'ya'yansu, hawan doki, da harbi, da faɗin gaskiya, kuma har yau suna ba da hikayar wani gwarzo nasu mai suna Arash, wanda aka ce da kibiya guda ya shata iyakar ƙasarsu.

To, amma yadda aka yi baka ya shiga hannun guragu a matsayin abin gasa, wannan labari ne na kusa, kuma a asibiti ya faro. Wani likitan jijiyoyi Bayahude, Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus zuwa Ingila a 1939, shi aka ɗora wa kula da sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, wanda aka buɗe a 1944 saboda sojojin da yaƙi ya karya wa baya. A wancan zamani wanda lakarsa ta tsinke akan ɗauke shi kamar mai jiran ajali, domin gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su kan gama da mafi yawansu cikin ɗan lokaci. Shi wannan likita ya ƙi yarda da haka; ya sa a riƙa juya majinyata dare da rana, ya tilasta musu motsa jiki, ya kuma ga cewa jan baka yana ƙarfafa kafaɗu da baya da ƙirji, waɗanda su ne jarin duk wanda zai ƙare rayuwarsa a keke. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbi a filin asibitin tsakanin mutum 16, maza 14 da mata 2. Daga wannan ɗan taro ne gasar Olamfik ta nakasassu ta tsiro, wadda aka fara yi da cikakken tsari a Roma a 1960. Akwai kuma wata fa'ida da harbi ya keɓanta da ita, wadda ba a samu a gudu ko kokawa: mai ƙafa da marar ƙafa suna iya jeruwa a layi ɗaya, su fuskanci allo ɗaya daga nisa ɗaya, a ƙidaya musu maki da ƙidaya ɗaya. Shi ya sa Neroli Fairhall ta ƙasar Niyuzilan, wadda haɗarin babur ya gurgunta, ta iya cin zinariya a gasar ƙasashen Kwamanwel a 1982, ta kuma shiga Olamfik ta masu lafiya a 1984, ita ce mai shanyewar ƙafafu ta farko da ta yi haka.

An haifi Zahra Nemati ranar 30 ga Afrilu 1985 a Kirman, birnin da ke kudu maso gabashin Iran a gefen hamada, wanda ya yi suna wajen saƙar dardumai. Tun tana yarinya ta shiga wasan taikwando, wanda asalinsa na Koriya ne, kuma kusan dukkansa aikin ƙafa ne, shuri da tsalle da juyi, har ta kai ga baƙar ɗamara, wadda ba a ba kowa sai gwani. A 2003, tana da shekara 18, ta yi haɗarin mota, lakarta ta taɓu, ƙafafun nan biyu da ta ɗora dukkan burinta a kansu suka daina amsa kira. Ba zan tsaya in siffanta muku baƙin cikin da ke cikin wannan ba, don kowane mai hankali yana iya ƙiyasta shi da kansa, kuma ƙaddara ba ta shawara da kowa. Abin da ya shafe mu shi ne, a 2006 ta ɗauki baka, kuma cikin wata shida da farawarta ta shiga gasar ƙasa tare da mata masu cikakkiyar lafiya, ta zo ta uku.

Kada wannan wata shida ya ruɗe ku har ku ce abin sauƙi ne, ko kuwa ku ce duk baiwa ce. A ganina abin da taikwando ya bar mata gado ya fi abin da haɗari ya ƙwace: jikin da ya saba da horo, da ran da ya saba da maimaita abu guda sau dubu ba tare da ƙosawa ba, da sanin yadda ake fuskantar abokin karo ba tare da zuciya ta tsinke ba. Duk da haka sai da ta sake koyon jikinta daga farko, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Mai harbi a tsaye ƙafafunsa ne tushensa: yakan buɗe su daidai faɗin kafaɗa, ya danne ƙasa, ya ɗaure cikinsa da ƙugunsa, sa'an nan ya ja tsirkiya, wadda nauyin janta a wurin manyan maharba mata yakan kai kilo 17 zuwa 20, a bisa yatsu uku. Wanda lakarsa ta taɓu ba shi da wannan tushe, wani lokaci ma naman ciki da na ƙugu ba su amsa masa sosai, saboda haka duk daidaiton da mai lafiya ke samu kyauta daga ƙasa shi sai ya nemo shi daga kafaɗa da baya. Sai an juya keken a kafa shi a kan layi, a danne birki, a duba cewa tayoyin sun zauna daram ko da filin yana da ɗan gangare ko ruwa ya jiƙa shi. Bakan gasa dogo ne, ya kusa tsawon mutum, don haka sai an lura kada reshensa na ƙasa ko tsirkiyar su taɓa taya sa'ad da aka saki. Doka kuma ba ta bar kowa ya mai da keke abin dogaro ba: an iyakance tsawon majinginarsa, an kuma hana hannun da ke riƙe da baka ya dafa wani sashe nasa. Bayan duk wannan ne za ta ɗaga baka, ta ja tsirkiya har ta taɓa haɓarta da kan hancinta, a wuri ɗaya da ta taɓa jiya da shekaranjiya, ta riƙe numfashi, ta ci gaba da ja a hankali ƙwarai har kan kibiyar ya zame daga ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe da ke jikin bakan, ya yi ƙas. Wannan ƙarar ita ce ke shaida cewa jan ya kai iyakarsa, sai yatsu su saki. Kuskuren da bai kai kaurin ƙwayar gero ba a wurin sakin yana iya fitar da kibiya daga rawaya zuwa ja a can nisan mita 70, balle iska ta sa baki. Da wasu suka yi ta raɗe-raɗin cewa zama a keke yana ba maharbi rinjaye, aka tambayi Fairhall, sai ta amsa cewa ba ta sani ba, tun da ba ta taɓa harbi a tsaye ba. Ni kuwa ban ga amsar da ta fi wannan kashe baki ba.

A watan Satumba 2012, a gasar Olamfik ta nakasassu, a barikin sojan igwa da ke Landan, Nemati ta kai karawar ƙarshe a rukunin mata masu harbi daga keke, ta gamu da Elisabetta Mijno ta Italiya, ta ci ta 7 da 3. Da wannan ta zama mace ta farko a tarihin Iran da ta ci lambar zinariya a Olamfik, ko ta masu lafiya ko ta nakasassu. Ta kuma haɗa da tagulla a gasar ƙungiya. A shekarar da ta biyo ta ci gasar duniya ta nakasassu a Bankok.

Mai ƙaramar himma a nan zai tsaya, ya ci gaba da cin gasar da ya san yana iya ci. Ita kuwa sai ta koma layin masu lafiya, inda ta fara, kuma a 2015, a gasar nahiyar Asiya, nahiyar da Koriya da Sin da Japan da Indiya suke, ta samo wa ƙasarta gurbi a Olamfik ta Riyo. Babu wanda ya ba ta wannan gurbi don jinƙai. Da maki aka saye shi. Hukumar wasannin ƙasarta ta zaɓe ta ta riƙe tuta, ranar 5 ga Agusta 2016 kuma ta shiga filin Marakana, wurin bikin buɗe gasar, a kekenta, lulluɓe da hijabinta, tutar Iran a hannunta, 'yan kokawa da masu ɗaga ƙarfe suna biye da ita a ƙasa. Wanda ya karanta tarihin sahabbai ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin masu tarihi sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, Allah ya ƙara masa yarda, ya riƙe tuta a yaƙin Ƙadisiyya, a rundunar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, shahararren maharbin sahabbai, yake jagoranta. Magabata ba su ga nakasa a matsayin abin da ke hana a miƙa wa mutum alamar jama'arsa ba.

A filin harbi kuwa abin bai yi daɗi ba, kuma amanar ilimi ta hana in ɓoye muku. Cikin mata 64 ta zo ta 49 a jerin maki, aka haɗa ta da Inna Stepanova ta Rasha, wadda 'yan kwanaki kafin nan ta ci azurfa tare da ƙungiyar ƙasarta, Stepanova ta ci ta 6 da 2, ta fita tun a zagayen farko. Masu son labari mai zaƙi sukan tsallake wannan rana da sauri, ni kuwa ina ganin ita ce ranar da ta fi kowace bayyana darajarta, domin a ranar ce aka auna ta da ma'aunin da babu rangwame a cikinsa, aka samu cewa a cikin matan duniya duka, masu ƙafa da marasa ƙafa, tana cikin 'yan ƙalilan da suka cancanci hawa wannan layi, kuma ta ƙwaci maki 2 daga hannun ɗaya daga cikin gwanayensu. Girmamawar da abokiyar karawarta ta yi mata ita ce ta harbe ta da iyakar ƙarfinta. Wani abin lura kuma, a wannan gasa ta Riyo ce wata yarinya, Kimiya Alizade, ta zama mace ta farko daga Iran da ta ci lamba a Olamfik ta masu lafiya, a taikwando, wasan da haɗari ya raba Nemati da shi. Allah mai yadda ya so.

Bayan wata guda Nemati ta dawo filin harbin nan na Riyo domin gasar nakasassu, inda aka riga aka sauya tsari, aka haɗe masu harbi daga keke da masu nakasar da ke harbi a tsaye a rukuni guda, abin da ya ƙara yawan abokan hamayya. Ta kai ƙarshe, ta ci Wu Chunyan ta ƙasar Sin 6 da 4, ta kuma sami azurfa a gasar da ake haɗa namiji da mace.

Zinariya ta uku ita ce mafi tsada. Annobar korona ta sa an ɗage gasar Tokiyo daga 2020 zuwa 2021, aka yi ta babu 'yan kallo, bayan an shafe watanni filayen horo suna rufe a ƙasashe da yawa. Nemati tana da shekara 36 a lokacin, kowace yarinya da ta hau layi kuma ita take hari, gama wanda ya riga ya ci sau biyu ba shi da abin da zai ƙara sai abin da zai rasa. A karawar ƙarshe ta gamu da Vincenza Petrilli, wata Ba'italiya, aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya 5 da 5, hukuncin nan da na ce ku riƙe ya hau kansu. Ku dubi wannan hali da idon basira: shekara biyar ta horo, da dubban kibau da aka harba a zafi da sanyi, duk an tattara su an ɗora a kan kibiya guda, wadda tafiyarta daga baka zuwa allo ba ta fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba, kuma babu ta biyu da za a gyara kuskure da ita. A irin wannan wuri ƙarfin dantse ba ya raba gardama, don dukansu suna da shi. Abin da ke rabawa shi ne natsuwa, watau mutum ya iya sa hannunsa ya yi abin da ya saba yi alhali zuciyarsa tana bugawa. Kibiyar Nemati ta fi kusa da tsakiya, aka tashi 6 da 5. Zinariya uku a jere ke nan, a 2012 da 2016 da 2021, kuma a Tokiyon ne 'yan wasa suka zaɓe ta cikin majalisar da ke wakiltarsu a hukumar wasannin nakasassu ta duniya.

Saura tambaya guda, wadda ita ce ta fi damuna: me ya sa wannan ya yiwu a Kirman? Himmarta tata ce, babu mai raba ta da ita, amma himma ba ta sayen baka, ba ta gina fili, ba ta zama koci. Yaƙin da Iran ta yi da Iraƙi daga 1980 zuwa 1988 ya bar mata dubban samari guragu da masu yankakkun gaɓoɓi, wannan ya tilasta wa hukuma ta ɗauki wasannin nakasassu da muhimmanci. Ƙasar ta fara zuwa Olamfik ta nakasassu a 1988, ta kuma yi fice a ƙwallon raga ta zaune. Saboda haka sa'ad da yarinyar nan ta fito daga jinya ta tarar da ƙofa a buɗe: akwai hukuma, akwai masu horarwa, akwai gasar da za ta gwada kanta, kuma ba a hana ta jeruwa da masu lafiya ba. Yaƙi ne ya buɗe ƙofar a Ingila, yaƙi ne ya buɗe ta a Iran, kuma abin takaici ne a ce sai masifa ta yi yawa kafin mahukunta su tuna da wannan jama'a.

Mu ma ba mu rasa hujja a gida ba. A Riyon nan dai, 'yan wasan Nijeriya masu lafiya tagulla ɗaya tak suka kawo, ta ƙwallon ƙafa, nakasassu kuwa suka kawo lambobi 12, 8 daga ciki zinariya, mafi yawansu a ɗaga ƙarfe. Wanda ya taɓa tsayawa a Kano ya kalli samarin da shan inna ya shanye wa ƙafafu suna ƙwallo da hannu a bisa allunansu masu taya, ya ga kafaɗu da dantsen da kowane mai horar da maharba zai yi kwaɗayinsu. An tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Afirka, alhamdu lillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu a bakin titi da ƙofar masallaci, ga kuma waɗanda haɗarin mota da na babur ke ƙarawa kullum. Kakanninmu kuwa 'yan baka ne. Jama'ar Shehu Usmanu da kwari da baka mafi yawansu suka tsaya a Tabkin Kwatto a 1804, har yau kuma maharba ba su ƙare a ƙauyukanmu ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da ke zaune a nan, da masu kula da wasanni a jihohinmu, da attajiran da Allah ya huwace wa: fili mai tsawon mita 70 ba ya gagarar kowace makarantar sakandare, baka na koyo da allon ciyawa ba su kai kuɗin buhunan shinkafar da ake rabawa a azumi guda ba. A samo su, a nemo mai koyarwa, a kira yaran nan maza da mata, a jera su a layi ɗaya da 'yan'uwansu masu lafiya, a kuma rubuta wa kowa makin da kibiyarsa ta ci, kada a ƙara masa ko ɗaya don tausayi.